Bindiga a Ƙarƙashin Hular Kuku

Wani ne a garinmu, can gabashin Texas, yake aiki a gidan abincin Mama Ozella. Ba shi ne kuku ba. Shi ne mai yanka albasa, mai kai faranti, mai goge tebur, duk inda aka rasa hannu nan ake tura shi. Rannan ya ga a talabijin an yi fashi a wani gidan abinci a wani gari. Tsakaninmu da garin tafiyar awa bakwai ce a mota, amma cikin mutumin naku ya ɗuri ruwa. Mu kuwa babban laifin da aka yi a garinmu duk shekarar, wani ne ya sace kankana uku a gonar Fasto.

Bai tsaya wata-wata ba ya je ya sayo 'yar ƙaramar bindiga, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Ya zauna ajin koyon riƙe ta, aka ba shi takardar izini. Malamin ya yi magana awa huɗu, shi abu biyu ya riƙe: kada ta rabu da jikinka, kada kowa ya gan ta.

To Mama Ozella tana da doka. Tun ranar da marigayi mijinta ya harbe mata firji yana goge bindigarsa, ta rantse duk ma'aikacin da ta kama da bindiga a kicin ɗinta, ya tuɓe rigar girki ya kama gabansa. Mutumin naku kuwa an riga an kore shi a wuri huɗu, kuma wuraren aikin garin biyar ne. Ga shi Mama Ozella mace ce mai runguma. Kullum da safe tana tsaye bakin ƙofar kicin, duk ma'aikacin da ya iso sai ta matse shi har ta ƙirga haƙarƙarinsa kafin ya wuce.

Ranar farko ya soke bindigar a ƙugu, ya saki riga a kai. Mama ta ware hannuwa.

"Zo nan, ɗana."

"Mama, mura nake yi."

"Mura? Ni da na raini yara shida?"

Ta yo kansa. Da ya ga ba mafita sai ya miƙa mata wuya, ya turo ƙugu can baya kamar agwagwa.

"Me ya samu bayanka?"

"Haka likita ya ce in dinga tsayuwa."

"Wane likita?"

"Baƙo ne, Mama. Ya koma garinsu."

Ya sha da ƙyar. Wunin ranar duk cokalin da ya faɗi ƙasa da ƙafa yake tura shi ƙarƙashin tebur, don in ya sunkuya riga za ta ɗage.

Washegari ya ɗaure bindigar a idon sawu, cikin safa. An yi runguma lafiya lau, har ya ƙara mata da bubbuga baya. Sai dai nauyin ya sa yana jan ƙafa. Kafin ya kai wurin albasa Mama ta ɗauko kwalbar man zafi.

"Zauna. Ɗaga wandon."

"Mama, ƙafar tana wari."

"Shekara talatin da ɗaya ina cire wa mijina Harlan takalmi, Allah ya jiƙansa. Ɗaga."

Ya ɗaga mata ɗaya ƙafar, mai lafiyar.

"Ba wannan kake ja ba."

"Ai ciwon yawo yake, Mama. Yanzun nan ya tsallaka."

Ta labta masa rabin kwalba, ta murje shi da ƙarfin mai kwaɓa burodi. Ranar nan da ƙafa biyu ya yi ɗingishi, hawaye na zuba, yana cewa albasa ce.

Ya koma gida ya zauna ya yi tunani, abin da bai saba ba. Ina ne a jikin mutum da Mama ba ta matsawa, ba ta shafa wa mai? Sai ya tuna ita gajera ce. Ya je ya sayo doguwar farar hular kuku, irin ta manyan otal, ya ɗora bindigar a tsakiyar kansa ya kifa hular.

Ranar Lahadi ya iso yana tafiya sanɗa-sanɗa, wuya a miƙe, kamar wanda ya ɗauko tulu cike da ruwa. Dewayne, kukun gidan na gaske, wanda bai taɓa sa abin da ya wuce hana-salla ba, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ranka ya daɗe, yaushe aka naɗa ka?"

"Tsafta ce."

"To shugaban masu tsafta, ga albasa can tana jiran umarni."

Mutumin naku ya manta abu guda. Kowace Lahadi, kafin mutanen coci su taso su cika gidan, Mama tana tara ma'aikata a kewaye murhu a riƙe hannun juna a yi addu'a. Dewayne ya kama damansa, Mama ta kama hagunsa. Gabansa ƙatuwar tukunyar wake da nama tana tafasa, wadda saboda ita ake zuwa gidan.

"A sunkuyar da kai," in ji Mama.

Kowa ya sunkuya ya rufe ido. Shi ya lumshe ido kawai. Mama ta buɗe ido ɗaya.

"Ɗana, Ubangiji ma sai ka yi masa taurin wuya?"

Ya sunkuya kaɗan. Ta matse masa yatsu. Ya ƙara. Hular ta karkace, abu ya zame ta goshinsa, tsulum, cikin wake. Hannayensa biyu a riƙe, yana kallo ta nutse.

"Amin," in ji jama'a.

"Me na ji ya faɗa tukunya?" in ji Dewayne.

"Ƙashi ne ya juya."

Daga nan fa ya zama mai gadin tukunya. Ya rage wuta, Dewayne ya ƙara. In wake ya yi ɓul, sai ya yi tsalle ya laɓe bayan firji. Dewayne ya ɗauki ludayi zai juya, ya riƙe masa hannu.

"Kar ka juya da ƙarfi."

"Don me?"

"Waken ba ya son a tayar masa da hankali."

Ya ce bari ya cinye waken ya isa gindin tukunyar kafin kowa. Ya sha kwano ɗaya yana hura baki, ya sha na biyu, ya sha na biyar. Cikinsa ya yi tim, tukunya ko yatsa biyu ba ta sauka ba. Ana haka mutanen coci suka ɓarko. Ya fita yana bin tebur-tebur.

"Yau kaza ta fi daɗi."

"Wake muka zo ci."

"Waken yau yana da nauyi."

"Shi muke so."

Fasto Whitlow ya zo da dattawan coci mutum goma. Su a al'ada Mama da kanta take zuba musu. Ta sa aka turo tukunyar har gaban teburinsu, ta zura ludayi can ƙasa inda nama yake kwanciya. Aka ji ƙwal. Ta laluba, ta ɗago, ga bindiga kwance a ludayi, romo na ɗiga ta bakinta, ganyen albasa ya naɗe kunamar. 

Mama ta ɗaga ta sama.

"Ta wace ce wannan?"

Fasto ya shafa hammatarsa ta cikin kwat.

"Ba tawa ba ce, 'yar'uwa. Ga tawa nan."

Matarsa ta leƙa jaka ta girgiza kai. Tsohuwa Beulah, mai shekara tamanin da bakwai, ta ɗaga bargon da ke kan keken guragunta ta duba.

"Nawa duk biyun suna nan."

Tebur bayan tebur, kowa ya taɓa wurin tasa ya koma kan burodin masara. Dewayne ya shafa bayan wandonsa a fakaice, mai wanke-wanke ta taɓa ƙirji. Ita kanta Mama hannunta ya sauka kan aljihun rigar girkinta, ya ɗan danna.

Mutumin naku ya ga kowa yana taɓa wurin tasa, ya ga in bai taɓa ba za a zarge shi. Sai ya ɗaga hannu ya shafa saman hula.

"Ni ma tawa tana nan."

Hular ta lotse har ƙoƙon kansa.

Mama ta dubi hular, ta dubi ludayin.

"Tuɓe rigar, ɗana. Hular taka ce, tafi da ita."

"Haba Mama. Na ga Dewayne ya taɓa wando. Na ga Fasto. Ke ma da idona na ga kin taɓa aljihu. Duk gidan nan wa ba shi da ita?"

"Kowa yana da ita," in ji Mama. "Amma kai kaɗai ka dafa taka."