Rakiyar Bindigar Baba Tsoho

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don har yau akwai lungun da ba na bi a cikin gari saboda shi. Amma tunda 'yan teburin mai shayi sun riga sun ba da shi har da ƙarin gishiri, gara ku ji daga bakin mai shi. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauko bindigar kakanmu daga gidanmu na unguwar Sheshe.

Kakan namu, Baba Tsoho muke ce masa, farke ne na zamanin da ake zuwa Gwanja ɗauko goro da jakuna. Bindigar toka ce irin ta da, doguwa, ita yake ratayawa idan ayari zai shiga daji. Ni dai tun da na yi wayo a rataye na gan ta a soron gidanmu, ban taɓa jin ƙararta ba. Amma duk inda kasuwanci ya kai ni, Legas, Kwatano, Agadas, har Jidda, sai na ba da labarinta. (A Kwatano kura ta kashe. Kafin in isa Jidda kurar ta zama zaki.)

To, bara damina ta ci soron, aka ce a rushe a yi na bulo. Da aka sauko da bindigar sai jikina ya yi sanyi. Tsatsa ta cinye ƙarfen, gara ta yi gida a ƙotar, layun da ke jikinta sun bushe kamar ƙanzo. Yaya Hajara, babbarmu, wadda take riƙe da gidan, ta leƙo ta dube ta sau ɗaya.

"Abin da ya mutu binne shi ake yi. A sa ta a ramin fandisho a ɗora gini, tana gidan ubangijinta, shi ke nan."

Na ce, "Haba Yaya! A ƙasashen da na je, irin wannan a falo ake rataye ta, har a haska mata fitila."

"To ƙasashen da ka je ba su da gara."

Ni kuwa na kafe. Ita kaɗai ce abin Baba Tsoho da ya rage mana, ba zan bari a tura ta rami ba. Na san wani maƙeri a Ƙofar Ruwa, na ce shi zan kai wa ya kankare ta ya yi mata sabuwar ƙota.

Sai dai kun san zamanin da muke ciki. Mutum ba ya saɓa bindiga ya ratsa gari, ko da ta kakan kakansa ce. In 'yan sintiri suka gani, kafin ka gama bayanin Gwanja an ƙwace ta, kai kuma ka kwana kana rantsuwa. Don haka na yi dabara irin ta wanda ya ga duniya. Na karɓi wani farin yadi a wurin Yaya na naɗe ta tsaf, na ƙulle sama da ƙasa da tsakiya don kar ƙotar ta zube. Na sake naɗewa da tabarmar kaba. Da yake ba ta son girgiza, sai na tallabe ta a hannu biyu, na fito ina takawa sannu a hankali. Ga ƙurar soron ta shiga idona, sun yi ja suna ta hawaye. Ga shi na sunkuyar da kai don kar a tsare ni da gaisuwa.

Na san kun riga ni ganewa. Ni ban gane ba.

A lungu na farko wani tela ya tsayar da kekensa ya miƙe. Na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na ce a raina ko allura ce ta soke shi. Na wuce wata majalisa, aka yi tsit, aka naɗe darduma. Can na fara jin takun takalma a bayana, na matsa gefe don a wuce, ba wanda ya wuce. Na rage sauri, aka rage. Da na saci kallo ta gefen ido, wallahi sai na ga sahu guda na mutane, kowa kai a ƙasa, wasu da carbi. Har wani yana cewa a hankali, "Bawan Allah shi kaɗai, ko mai raka shi babu. Wane irin zamani ne wannan?"

A nan ne ya kamata in juya in ce, jama'a ku yi haƙuri, kaya ne. Na buɗe baki ke nan sai muka ɓullo daidai bencin 'yan sintiri. Su ma suka miƙe, shugabansu ya jingine gorarsa, suka shigo sahu. Ya zo dab da kafaɗata ya ce, "Alhaji, Allah ya ba da haƙuri."

Na ce, "Amin." (Me kuke so in ce?)

Shawarar da na yanke ita ce in ci gaba da tafiya, in sun gaji sa watse. Shekarun da na yi a waje sun mantar da ni cewa Bakano ba ya gajiya da neman lada. Kuma abin da ban lissafa ba, hanyar maƙerin nan ita ce dai hanyar maƙabarta. Duk lungun da muka ratsa sai an ƙaru.

Sai wani dattijo mai farin gemu ya sha gabana, ya miƙo hannu biyu.

"Kawo in karɓe ka, ɗana. Ba a barin uba ya ɗauka har can."

"A'a Baba, ba nauyi."

"Kawo mana. Kar ka hana mu lada."

Na riƙe, ya ja. Ya ja, na riƙe. Tabarma ta warware, ƙullin ƙasa ya kwance, bindigar Baba Tsoho ta sulluɓo ta faɗi a tsakiyar hanya. Ƙotar ta tarwatse ta zama gari, gara suka fito suna neman mafaka, ƙarfen ya gangara ya tsaya a bakin kwata.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko a Sahara.

Shugaban 'yan sintiri ya tsuguna, ya ɗaga ƙarfen ya leƙa bakinsa, ya ga gidan zanzaro a ciki. Ya miƙo mini abina ya ce, "Alhaji, riƙe. Wannan ko kaza ba za ta firgita ba." Wato ko darajar a ƙwace ta ba ta samu ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Dattijon kuwa bai yi dariya ba. Ya kakkaɓe hannunsa ya juya wajen jama'a ya ce, "To, ku koma bakin aikinku. Ladanmu dai yana nan, niyya muka bi." Sannan ya dube ni: "Kai kuma tunda ka yi mata likkafani, ka ƙarasa mata."

Na tattare abin da ya tattaru na koma Sheshe ta wata hanyar. Labari ya riga ni isa. Yaya Hajara ta nuna mini ramin fandisho da leɓe kawai. Ni da kaina na sa ta a ciki, da layunta da farin yadinta. Yanzu duk wanda ya shiga sabon soronmu a kanta yake cire takalmi, kuma in faɗi gaskiya, ta fi samun girma a nan fiye da falona. Abin da na koya shi ne, in babbar yayarka ta ce abu ya mutu, kar ka tsaya sai rabin gari sun zo sun tabbatar maka.

Washegari ina zaune a ƙofar gida sai ga telan nan na lungun farko. Ashe shi tun a hanya ya koma saboda ya bar shago a buɗe, bai ga ƙarshen abin ba. Ya tsuguna, ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Sannan ya matso ya rage murya:

"Alhaji, ya ƙarin haƙuri? An daɗe ana jinya ne?"