Ranar da Na Kai wa Malaman Ma'u Birawni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa malaman 'yata kek ba, kuma ko na so in manta, akwai mutane a Gummi da suka ɗauki nauyin tuna mini. A shekarar ne ƙaramar Sallah ta faɗo dab da ƙarshen dogon hutu, aka koma makaranta lallen Sallah bai gama gogewa a ƙafafun mata ba.

'Yata Asma'u, da muke kira Ma'u, za ta shiga aji uku na firamare a lokacin. Yarinya ce mai kai, amma tana da in'ina. In kalma ta maƙale mata sai ta rufe ido ta yi ta kokawa da ita har ta fito. Malaminsu na aji biyu ba shi da haƙurin jira, da ta fara amsa tambaya sai ya nuna na kusa da ita, yara su kwashe da dariya. A hankali ta daina ɗaga hannu, ta koma bencin baya. Ana dab da komawa ta same ni ina wanke-wanke, ta ce ita dai a bar ta a gida ta riƙa yi mini rainon ƙaninta. Maganar nan ta sosa mini rai ƙwarai. Na yanke shawarar zan je da kaina in ga sabuwar malamarsu, Malama Rabi, in roƙe ta abu ɗaya tak: in Ma'u ta fara magana, a jira ta har ta gama.

To, ba a zuwa roƙo hannu rabbana. Da mace mai hankali ce, cincin za ta soya, ko ta yi dubulan, kowa ya san su, kowa yana so. Ni kuwa (a nan ne shaiɗanin burga ya shigo) sai na ce dole in kai abin da ba a taɓa gani ba a garin. Akwai 'yar ƙanwar mahaifiyata, Binta, da ta koyi girke-girken zamani a Kaduna, ta taɓa ba ni wani abu a wurin biki wai shi birawni. Kek ne na cakulan, baƙi-baƙi, mai danƙo a ciki, an malala masa narkakken sukari da suke kira karamel. Na kira ta a waya ta yi ta karanto mini yadda ake yi, ina cewa na gane, alhali rabi na gane.

Baban Ma'u ya taho mini da garin cakulan daga Gusau. Bota ba ta samu ba, sai na sa man shanu, ƙwai kuma na zabi ne da aka kawo mana daga Gwashi, tunda damina ce. Ba ni da na'urar gashi, don haka na zuba yashi a babbar tukunya, na ɗora kwanon a kai, gawayi a ƙasa gawayi a kan murfi. Karamel ɗin farko ya daskare ya zama dutse, da shi da cokalin aka jiƙa su a ruwa. A karo na biyu na tsaya a kan sukarin har ya yi launin zuma, na zuba madara da man shanu, ya fito sumul. Gidan duka ya ɗauki ƙamshi, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

Surukata ta zo mana yawon Sallah daga Bukkuyum, tana zaune a tabarma tana kallona. Da na sauke, ta leƙa kwanon ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗiyata, wanga abu ya ƙone. Ki kankare baƙin kahin ki kai ma mutane." Na yi mata bayani cikin ladabi cewa haka ake yinsa. Ta ce to, Allah shi kyauta, ta ci gaba da jan carbinta. Na nuna kamar ban damu ba, amma maganar ta bi ni har makaranta.

Na isa daidai lokacin da aka fita tara, cikin leshin Sallah, goyo a baya, kula a hannu. Malamai duk suna ofishinsu, hedimasta a tsakiya. Aka gaisa, aka yi barka da Sallah, aka aika a kira Ma'u, ta zo ta raɓe a bakin ƙofa. Ni kuwa na buɗe kular nan a hankali, yadda ake yaye wa amarya mayafi.

Ƙamshi ya cika ofishin. Na jira in ji ana santi, sai na ji shiru. Wani matashin malami ya miƙe ya fita. Wata ta mai da fuskarta taga. Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce, "Madalla, mun gode ƙwarai. A ruhe a aje can, muna ci in an jima."

(Na san mai karatu ya riga ya gano inda aka dosa. Ni ce kaɗai ban gano ba. Ina shayarwa a lokacin, ramuwar azumina ma ban taɓa ta ba, don haka lissafin wata ya fice mini daga kai gaba ɗaya.)

Abin da ya faɗo mini shi ne maganar surukata: sun ga baƙi, sun ɗauka ƙonannen kek na kwaso musu. Raina ya ɓaci. Na fara jawabi, na ce ba ƙonewa ya yi ba, launin cakulan ne, a manyan birane haka ake cinsa. Na ɗauki yanka mafi kyau na miƙa wa Malama Rabi. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta naɗe a takarda ta sa a jaka. Nan kuma wani sabon zargi ya taso mini. Mace ta kawo baƙin abu, ta nace sai malamar 'yarta ta ci a gabanta, ai za a ce wani abu na barbaɗa a ciki don a so yarinyar. Na ce a raina yau sai na wanke kaina.

Ina cikin wannan tunani na ji ana jan mayafina. Ma'u ce. "I-i-inna, su-su..." Na ce ta yi mini shiru manya na magana.

Na ɗauki yanka ɗaya, na yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya shaida, na kai baki. Kuma wallahi ya yi daɗi, shi ne ma abin haushin. Na lumshe ido, na shiga ba su labarin yadda yake narkewa a harshe, yadda man shanun ya ratsa shi. Na ga maƙogwaron hedimasta ya motsa, na ɗauka nasara ce ta fara zuwa, sai na ƙara na biyu. Ma'u ta sake jan mayafina, ta sake farawa, na sake katse ta, wannan karon har da harara. Na uku na zaɓo na gefen kwano, inda karamel ya fi kauri, na tura shi gaba ɗaya. Ya kama haƙorana na sama da na ƙasa ya haɗe su.

A wannan shirun da aka samu ne Malama Rabi ta yi magana, a hankali, ba tare da ta dube ni ba. "Innar Ma'u, don Allah bari ta ida."

Ma'u ta rufe ido ta kama kokawarta. Ba wanda ya taya ta, ba wanda ya yi motsi, Malama Rabi ta zuba mata ido kawai tana ɗan gyaɗa kai. Can kalmar ta fito.

"A-a-azumi su kai, Inna. Si-sitta Shawwal."

Ashe tun da safe ta ji Malama tana sallamar mai ƙosai, tana ce mata sai sun gama Sitta. Su kuma malaman ba su faɗa mini ba ne saboda azumin nafila ba abin shela ba ne, mutum yakan ce an jima kawai, mai hankali ya gane. Ga ni tsaye a tsakiyar masu azumi, rana ta fara zafi, kumatuna cike, ba halin haɗiyewa ba halin tofarwa, ba kuma bakin ba da haƙuri. Hedimasta ne ya cece ni. Ya ce ba komai, ai na kyauta da na ɗanɗana musu, yanzu kowa ya tabbata bai ƙone ba. Aka yi dariya, irin wadda ake yi don a rufa wa mutum asiri. Na yi sallama da hannu na fito, roƙon da ya kawo ni ko kalma ɗaya ban yi ba.

A hanya ne kunyar gaske ta kama ni, kuma ba ta kek ba ce. Na ɗauko ƙafa don in roƙi baƙuwa ta riƙa jiran 'yata ta gama magana, sai ga shi ni uwarta na katse ta sau biyu a gaban malamanta. Na tuna sau nawa a gida nake ƙarasa mata magana don ina sauri, ina ganin taimako nake yi. Na yi kuka a hanyar nan, haƙorana na manne.

Washegari Ma'u ta dawo da kulata, an wanke ta, an cika ta da dafaffiyar gyaɗa. Ta tsaya a gabana tana haki, da labari a bakinta. Na ajiye muciya, na kama bakina na jira. An ɗauki lokaci, tuwona har ya fara kamu, amma na ji duka: malamai sun sha ruwa da kek ɗin, Malama ta mai da ita bencin gaba, kuma ta sa ta tashi ta gaya wa aji yadda ake gashi da yashi, ta hana kowa yin tari har ta gama. Sannan ta ƙara da saƙo: "Ta-tac ce ki ƙara yi, a-amma wai ki ci abinci gida ka-kahin ki taho."

Ba ta sake maganar zaman gida ba. Ni kuma tun daga ranar, kafin in kai wa kowa abinci sai na tambayi nawa ga wata. In Ma'u ta rufe ido ta fara magana kuwa, nakan haɗe haƙorana da kaina, ba sai an sa mini karamel ba.