Rasuwar Lalube, Allurar Malam Iliyasu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, Malam Iliyasu, malamin kimiyya a wata sakandare da ke Wurno, na sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, Lalube, wadda ta cika a ɗakin gwaji cikin hutun da ya wuce.

Marigayiyar kwaikwayo ce ta wata na'ura da Malam ya taɓa gani a jami'a. Ita waccan ba ta kallon abu, shafa shi take yi da tsinin allura, har takan jera ƙwayoyin furotin, sinadarin nan mai gina jiki, a layi, ƙananan da ido ba ya gani. Da ya dawo gida, sai ya haɗa tasa da guntun zarto, allurar ɗinki, gutsuren madubi da 'yar tocila mai jan haske.

Mai haƙuri ce, mai natsuwa. In aka tsoma bakinta a ruwan lalle, sai ta ja layi siriri a kan gilashi, ɗigon haske na rawa a bango, tana cewa “ƙis, ƙis.” Ba ta taɓa yin hamma Malam na bayani ba. In aka tashi, ɗalibai suka watse, ita kaɗai ke zama da shi.

Ajali ya zo da kakar albasa. Wurin ajiya ya yi ƙaranci, aka ari ɗakin gwaji. Sale maigadi ya ɗora mata buhu.

“Wallahi Malam, na ɗauka tarkon kusu na,” in ji shi. “Mi za a yi yanzu?”

Malam ya ce ba komai, ya yafe. Ya gwada ɗaura wata allurar, amma shekaru sun sa hannunsa rawa, aikin kuwa ba ya son rawa. 'Yan ajin bana, da ya yi wa alkawarin za su ga layinta, sai dai su ji labari.

Ta bar tocila, madubi a tsage, da Adawiyya, ɗalibar da ta taɓa tsayawa bayan an tashi ta ce a sake nuna mata. Yanzu tana karatu a nesa.

Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin tagar ɗakin gwaji, cikin kwalin alli. Tsofaffin ɗalibai na Rabah, Goronyo da Achida, in sun samu zuwa, su taka a hankali, marigayiyar ba ta son girgiza.

Malam zai shimfiɗa tabarma ɗaya. Yana ganin za ta isa.