Ranar da na kama Japanawa da kuskure

Ko me zan manta a zamana na Faransa, ba zan taɓa mantawa da makona na farko a wani ɗakin karatu na Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon ba. Na gama karatu a Paris, na shekara ina kwana a falon ƙanen mahaifina a Stains babu aiki, sai aka kira ni Lyon gwajin wata guda. In na yi abin kirki a riƙe ni, in ba haka ba in koma kan tabarmata.

Ranar farko shugabar wurin ta tambaye ni ko na san manga. Na ce sosai ma. (Gaskiyar magana, sanin da na yi masa bai wuce abin da wani abokina mai shagon waya a Barbès ya faɗa mini ba: wai sunan da Japanawa ke kiran littattafansu na labari cikin zane ne, kuma a Faransa na Japan kaɗai ake kira haka.) Ta ji daɗi, ta miƙa mini kwali guda na sababbi in manna musu lamba.

Ina ɗaga na farko na ga bangon gaba yana baya. Na biyu ma haka. Na buɗe ɗaya yadda na saba buɗe littafin boko, sai ga jarumi ya mutu a shafin farko, ya tashi ya yi faɗa, can ƙarshe yana yaro yana cin shinkafa. Har akwai shafin da aka rubuta cewa mai karatu ya dakata, ta baya ya fara. Ni kuwa na ce ka ji, su da kansu sun amsa laifinsu.

Daɗi ya kama ni. Ni, ɗan Damagaram, na gano abin da ya shige wa Turawa da Japanawa duhu. Na manna lambobin duka ta ɓangaren da na ga ya dace, na rubuta rahoto shafi biyu ina neman a mayar wa maɗaba'a kayanta.

A taron ma'aikata na miƙe, na gyara wuyan riga, na karanta shi tsaf. Aka yi tsit, na ɗauka mamakin basirata ake. Shugabar ta cire tabarau tana ta goge shi. Sai Hajiya Mariama, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ta daɗe tana aiki a wurin, ta matso ta ce mini da Hausa a hankali:

"Ɗana, zamna. Kai littafin Larabci ta wane gefe kake buɗe shi?"

Wallahi nan take na zauna, ashe manga ma daga dama ake buɗe shi. Tun ina shekara biyar nake karatun allo daga dama zuwa hagu, amma da na ga zane da Faransanci sai kaina ya kulle. Hajiya ta fassara musu abin da ta ce (ban roƙe ta ba), dariyar da suke dannewa ta ɓalle.

Ba a kore ni ba. Shugabar ta ce tunda na karanta guda daga ƙarshe zuwa farko, in karanta sauran ta hanyar da ta dace, kuma sashen manga ya zama nawa. Kwana biyu na yi ina ɓamɓare lambobi da farce.

Yanzu in na ga duniya gaba ɗaya ta yi kuskure ni kaɗai na gane, nakan juya abin ɗaya gefen in sake dubawa kafin in buɗe baki.