Jirgin Arha na Watan Satumba

"Lafiya lau, lafiya lau. Ya Gwaggo, kun yi waya kuwa? To shigo mana, baiwa, kin tsaya a bakin ƙofa kamar mai karɓar haraji."

"Gama gaisuwar tukuna, ubangidan da ba ya ciyar da bayinsa. Tun daga Mitchellville nake ƙona mai, ko ruwa ba a miƙo min ba."

Sharifu Maitama injiniyan kwamfuta ne a Germantown. Hairat kuwa 'yar ƙanwar mahaifinsa ce. Shi ɗan namiji, ita 'yar mace, don haka tun suna yara a Kano ba su taɓa haɗuwa an rabu ba a yi tsiya ba. Sai dai wannan Asabar ɗin ta watan Maris na 2009 ba don wasa ya kira ta ba. Sau biyu yana yi wa matarsa Tayyiba alƙawarin tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa, sau biyu yana fasawa saboda tsada. Tayyiba nas ce, ranar Litinin za ta faɗa wa asibiti satin da take so a ba ta hutu. Da safe kafin ta fita aiki ta gaya masa, babu ko murmushi: in ta dawo bai yanki tikiti ba, gidan yayarta za ta tafi a Atlanta ita kaɗai, kuma kada ya ƙara yi mata zancen jirgi har abada.

Hairat ta shiga irin wannan jirgi sau biyu da maigidanta, kuma ita ce za ta riƙe yaran in an yi tafiyar. A kan teburin cin abinci ta tarar da ƙasidun kamfanoni uku, da kalkuleta, da katin banki a gefen waya.

"Zauna ki saurara, ba surutu na kira ki ba," in ji Sharifu. "Ga mai alamar kifi, dala ɗari huɗu da arba'in da tara kowane mutum. Ga mai dabino, ɗari bakwai da ashirin. Ga mai tauraro, dubu ɗaya da ɗari da casa'in. Ko makaho ya san inda zai ɗora hannu."

"Makaho dai ya ɗora. Ka saka harajin tasha?"

"Na saka."

"Tukuicin ma'aikata, da ake cirewa kullum ko ka yi barci ka wuni?"

"Na saka. Har kuɗin ajiye mota a Baltimore na saka. Mai tauraro daga Florida yake tashi, sai mun hau jirgin sama kafin mu hau na ruwa. Ni ɗan sarkin wani gari ne?"

"Kai ɗan Kawu ne, shi ya sa. Mutumin da ke kashe fitila yana cin tuwo a duhu."

"Bar tsohona ya huta. Gwaggo ba ita ce ke wanke leda ta shanya a igiya ba?"

"Ita ba ta taɓa kai miji ɗakin da ba taga ba." Hairat ta jawo ƙasidar mai kifi, ta danna yatsa a kan hoton. "Ka ga ɗakin nan na ɗari huɗu da kaɗan? A can ƙasan jirgi yake, kusa da inji. Ba taga, ba rana, ba wata. Tayyiba ta shekara tana yawo a lungunan asibiti, ka ɗauke ta ka kai ta wani lungun da ke girgiza?"

"Barci kawai za mu yi a ciki."

"Wane barci? Sharifu, na shiga mai kifin nan. Tun hantsi ake buga kiɗa a bakin wurin ninƙaya. Yaran jami'a ne cike, kowa da kofi a hannu, kuma ba zoɓo ba ne a ciki. In za ka wurin cin abinci sai ka ratsa ɗakin caca. Har gasa na ga an yi ta wanda ya fi gashin ƙirji."

"To sai in shiga in ci kyauta, a rage mana kuɗin hanya."

"Da me? Da gashi huɗun nan da Allah ya ba ka?"

Sharifu ya yi dariya, amma idonsa na kan waya. Constance, matar da ke yankar musu tikiti a wani ofis a Annandale, ta ce za ta riƙe masa ɗakin har ta rufe ofis yau, bayan nan ba ruwanta.

"Mai tauraro fa?" ya tambaya. "Tunda ke ce sarauniyar teku."

"Wannan ba naka ba ne. Shiru kamar ɗakin karatu. Tsofaffi ne masu kuɗi, ana kaɗa musu piyano suna gyangyaɗi. Da daddare sai da kwat ake shiga cin abinci, cokula jere a gabanka kamar kayan tiyata. Kai da ke siɗe yatsa har biyar, korar ka za su yi."

"Babbar riga zan saka, su ɗauka sarki ne ya zo."

"Su kawo wa sarki lissafi ya suma. A'a. Mai dabino ne na mutane. Iyalai ne a ciki, kiɗa na gefe ɗaya, shiru na gefe ɗaya. Ɗaki da taga. In ka ce ba ka cin namansu, kullum kifi za su gasa maka ba gardama. Akwai wani ɗan falo a sama da ba kowa, a nan muka riƙa salla, ma'aikaci ɗaya ma shi ke nuna mana gabas in jirgi ya juya."

"Taga. Don taga zan ƙara ɗari biyar da arba'in da biyu? In tana son ganin ruwa ta hau sama, duk jirgin kewaye yake da shi." Ya juyo kalkuleta ya nuna mata. "Ke ba ki iya lissafi ba, shi ya sa kuka zama bayi. Dubi nan. A mai kifi abinci ba ya rufewa, dare da rana. Karin kumallo, na hantsi, na rana, shayin yamma, na dare. Sau biyar a rana, kwana bakwai, zama talatin da biyar ke nan. Raba kuɗin. Kowane zama bai kai dala goma sha uku ba, ɗaki da teku kuma kyauta!"

"Sau biyar. Kamar salla."

"Kuma ba zan yi fashin ko ɗaya ba."

"Na yarda. To wane sati ne? Ni zan riƙe maka 'yan dabanka biyu, gara in sani."

"Shida ga Satumba zuwa sha uku. Duk shekara babu satin da ya kai shi arha. Yara sun koma makaranta, Turawa na tsoron guguwa. Ni kuwa na duba, jirgi kauce mata yake yi."

Hairat ta dube shi, ta dubi kalkuletan, sannan ta jingina da kujera ta harɗe hannuwa.

"Sharifu, yajin nan da Babarka ta aiko maka daga Kano, yana nan?"

"Me ya kawo yaji cikin maganar jirgi?"

"Wanda kake ɓoyewa bayan gwangwanin madara, kana auna wa mutane da ƙaramin cokali. Ba ni kwalbar, in gaya maka abin da zai cece ka."

"Ko ƙamshinsa ba za ki ji ba. Baiwa da yajin ubangida? Duniya ta lalace."

"To yanki tikitinka."

Wayar ta yi ƙara. Saƙon Tayyiba ne: ta fito daga asibiti, ta hau babban titi mai lamba 270, ba cunkoso. Sharifu ya danna lambar Constance, ya ɗauki kati. Suka gaisa da Turanci. Ta ce ɗakin na nan, amma kafin alƙalamin wannan farashi ba a mayarwa, in an biya an biya. Ya ce ya sani. Ya fara karanto mata lambobin kati, huɗu, sannan huɗu.

"Ubangida," in ji Hairat, a hankali. "Bara yaushe muka ɗauki azumi?"

Ya ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru.

"Tambaya ce kawai. Kai ne mai lissafi."

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ɗaya ga Satumba. Bar ni mana!"

"Cire goma sha ɗaya."

Leɓensa ya motsa. Ashirin da ɗaya ga Agusta, ko da biyu. Ya ƙara motsawa. Katin ya zame daga hannunsa ya faɗi a kan ƙasidar mai kifi. A wayar ana jin muryar Constance tana kiran sunansa.

"Inna lillahi," ya ce.

"Tsakiyar azumi, malam. Har goman ƙarshe za ku shiga kuna kan ruwa. Zama talatin da biyar ɗin nan, sake rabawa. Sahur da buɗe-baki. Sauran wunin ka zauna kana kallon masu gashin ƙirji suna cin naman alade."

Ya roƙi Constance ta ɗan jira shi. Gumi ya feso masa a goshi.

"Ai matafiyi an yi masa sauƙi," ya ce da sauri. "Muna iya sha, mu rama daga baya."

"Ƙwarai. Je ka gaya wa Tayyiba. Matar da ke fitowa daga aikin wuni ta wuce masallaci don kada asham ta wuce ta. Ka ce mata ka saya mata satin shan azumi a gidan rawa, saboda ka samu ragi. Ni dai a kira ni in zo in kalla."

"Ke kin sani tun ɗazu, kika bar ni ina karanta kati?"

"Na tambaye ka yaji, ka ce duniya ta lalace."

"Allah ya isa tsakanina da 'ya'yan mace."

"Amin. Matar na jiranka a waya, taka kuma ta kusa."

Sharifu ya koma kan wayar. Ya ce kada a taɓa katin. Ya tambayi satin ƙarshe na Satumba, bayan Salla da mako guda. Constance ta daddanna kwamfuta. Ta ce a mai kifi ɗaki ɗaya ya rage, ƙarƙashin dandalin rawa. A mai dabino kuwa akwai mai taga, shi ma guda ɗaya, daga Baltimore, a farashin da ke cikin ƙasida. Wanne za ta riƙe? Tana son rufe ofis.

Daga waje aka ji an rufe ƙofar mota.

"Ƙarƙashin dandalin," Sharifu ya raɗa wa Hairat, "in an toshe kunne da auduga..."

"Wallahi kana faɗa, ni zan kai ta Atlanta da motata."

Takun takalmi ya fara hawowa matakala. Sharifu ya runtse ido kamar mai jiran allura.

"Mai dabino," ya ce a wayar. "Mai tagar. Mutum biyu." Ya karanta lambobin kati har ƙarshe, bai tsaya ba.

Yana ajiye waya, Tayyiba ta turo ƙofa da kayan aiki a jikinta, jaka a kafaɗa. Ta gaisa da Hairat, ta tambayi yara da maigida. Ba ta zauna ba. Ta dubi mijinta.

"To?"

"An yanka. Mai dabino, ɗaki da taga, ashirin da bakwai ga Satumba. Ki rubuta musu ranar Litinin."

Tayyiba ta sauke jakar a hankali. "Bayan Salla ke nan."

"Bayan Salla mana. Da hankalina zan kai ki teku da azumi a baki?"

"Duk hanya abin da nake tunani ke nan. Na ce in mutumin nan ya bi arha ya jefa mu cikin azumi, to ba ni yake tunani ba, kalkuletansa yake tunani, kuma na gama magana." Ta juya ga Hairat. "Gaya min gaskiya. Shi ya lura da kansa?"

Hairat ta ɗaga kai ta ƙura wa durowar kicin ido, wadda ke saman firji, ta fara kaɗa ƙafa.

Sharifu ya miƙe. Ya jawo kujera, ya hau, ya ture gwangwanin madara, ya sauko da kwalbar yaji. Da hannu biyu ya miƙa wa Hairat, har da rusunawa.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina."

Hairat ta buɗe ta shinshina, ta rufe, ta jefa a jaka.

"Tayyiba, ina zaune a nan ya cire goma sha ɗaya da bakinsa. Ni tambaya kawai na yi."

Tayyiba ta dubi jakar, ta dubi mijinta da ke tsaye riƙe da ƙaramin cokalin da ya fito tare da kwalbar. Ta yi ƙoƙari ta daure, abin ya gagara, dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango.

"Yajin da ko ni sai an auna min? To na gane. Litinin zan rubuta."

"Baiwa," in ji Sharifu, yana bin Hairat zuwa ƙofa, "don zumunci, zuba min cokali biyu kawai."

"Riƙe cokalinka, ubangida. Ka tafi da shi jirgi, ka auna teku."