Ranar da Na Yi wa Motata Wankan Soda

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa na sayi tsohuwar jif mai jikin alminiyam, ina jigilar fasinja tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Duk tasha babu wanda bai sha huɗubata ba: "Wannan jikin ba ya tsatsa har tashin ƙiyama."

Damina ɗaya ta ƙaryata ni. Fentin ƙofa ya kumbura kamar mai ƙyanda, in ka fasa sai farin gari ya zubo. Malam Sabo mai fenti ya ce in kawo ya kankare. Na ce, "Malam, huta abinka, ni ma na san kan mota."

Na ɗebo sodar da maiɗakina ke yin sabulu da ita, na dama, na lafta wa ƙofar a gaban direbobi. Nan take ta fara tafasa tana huci. Na ce, "Kun gani? Magani na aiki." Na tafi sallar azahar.

Ya yi aiki kuwa. Da na wanke, ƙofar ta zama rariya, ana hango kujera daga waje.

Har yau in na gifta tasha sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji, a ba mu aron ƙofa, za a yi tankaɗe a gida!"