Yadda Na Saukar da Damina a Ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na saukar da damina a ɗakina ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba. Laifina guda ne, shi ma ɗan ƙarami: na karanta rabin bayani a wayar yayana, data ta ƙare, sai na cike sauran da kaina. (Kan nawa kuwa, a lokacin gani nake duk Tambuwal babu na biyunsa.)

Ina aji biyu na babbar sakandare, malaminmu na aikin gona, Malam Nasiru, ya shigo mana da wata shuka a bokiti. Ganyenta mai ratsi-ratsi ne, samansa kore da fari, ƙasansa launin zoɓo, rassanta sun zubo ta ko'ina kamar kitson da aka kwance. Ya rubuta sunanta a allo: taradeskantiya. Muka yi ta fama da sunan har harshenmu ya gaji. Ya yanka wa kowa reshe guda, ya ce a dasa a gwangwani, a ajiye cikin ɗaki inda haske ke shiga, ƙarshen zango kowa ya kawo tasa a ba shi maki.

Babu wanda ya tambaye ni, na miƙe na ce, "Malam, tawa sai an ɗauko ta a amalanke."

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce, "Allah ya nuna muna."

Na dasa ta a babban gwangwanin tumatir, na raɗa mata suna Gimbiya, na ɗora ta kusa da taga. Ɗakina shago ne na ginin ƙasa a bakin zaure, kuma ba ni kaɗai nake kwana a cikinsa ba. Akwai buhun irin wake na Baffa Umaru, ƙanen babanmu da ke noma a Fakku. Ɓeraye ne suka addabi rumbunsa, ya ɗauko buhun a babur ya kawo ajiya. Iri ne da ya gada wajen kakanmu, kowace shekara yana ware na shuka, ba a samun irinsa a kasuwa. Ya cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, ya jingina shi a bango da hannunsa, sannan ya dube ni.

"Ɗan Baffa, abu guda nika roƙonka. Kada ruwa ya taɓa buhun ga. Shi zan shuka in ruwa ya sauka."

Na ce, "Haba Baffa, a wannan zafin? Ruwan ma ina ya gan shi?"

(Ku riƙe wannan amsar tawa. Ni ma har yau ana riƙe mini ita.)

Sati uku Gimbiya tana lafiya. Da zafi ya kai inda ya kai, irin wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, sai bakin ganyenta ya fara ƙonewa, ya koma ruwan ƙasa, in ka taɓa ya yi ƙaras. Na ƙara mata ruwa, a banza. Hankalina ya tashi, domin na riga na yi alkawarin amalanke a gaban mutum arba'in. Na lallaɓi yayana ya ara mini waya. Bayanin ya ce shukar tana son iska mai danshi, busasshiyar iska ce ke ƙona mata bakin ganye. Ina kaiwa nan shafin ya tsaya cak.

To, sauran ai ba sai an faɗa wa mai hankali ba. In ɗan danshi yana da amfani, mai yawa ya fi amfani. Wannan lissafin har yanzu ban ga inda ya karkace ba.

Na toshe rabin taga da kwali don kada danshina ya gudu. Na shiga yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa safe da yamma. Na ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, na jiƙa tsofaffin zannuwan Inna da bargona, na shanya su a kai suna ɗiga. Igiyar ta bi ta saman buhun Baffa, amma ban yi sakaci ba, na rufa masa leda. (Ledar tana da huji. Daga baya na sani.) In an sauke tuwo, sai in ɗora tukunyar ruwa a ragowar wuta, ta tafasa, in shigo da ita ɗaki tana tururi. Ita kuwa Gimbiya, guntsar ruwa nake in fesa mata da baki, yadda masu wanki da guga ke yi wa shadda.

Inna ta tare ni a bakin randa da bokiti a hannu.

"Kai, wai mi ka shanye muna ruwa gidan ga? Raƙumi kaka kiwo?"

"Aikin makaranta ne, Inna."

Ta kauce. A gidanmu wannan kalmar ta fi kowane makulli buɗe ƙofa.

Cikin kwana biyar ɗakina ya zama fadama. Bango ya fara zufa. Littafin lissafina ya kumbura ya ninka kaurinsa, alhali iliminsa bai ƙaru ba. Katifa ta ɗauki wani wari kamar na tsohon kwalbati. Sauron da ya bar garin tun kaka ya ji labari ya dawo da iyalansa. Ni kaina in na fito, jikina sharkaf kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Amma ganyen Gimbiya ya daina ƙonewa, har ta fid da sabon toho. Na tsaya a gabanta na yi wa kaina kirari.

A kwana na goma na tashi da safe, na ga wasu 'yan korayen kawuna sun leƙo ta saƙar buhun Baffa. Wallahi abin da ya fara zuwa raina ba tsoro ba ne, alfahari ne. Ni kaɗai a duk ƙaramar hukuma na sa wake ya tsiro babu ko ɗigon ruwan sama! Sai da na matsa na ji buhun ya yi ɗumi yana tsami, sannan na gane ɓarnar da na yi. Na yi abin da duk mai tunani zai yi: na lulluɓe shi da bargo, na ce gobe ma rana ce.

Goben ta faɗo ranar kasuwa. Bayan la'asar Baffa ya iso daga Fakku, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da wani dattijo maƙwabcinsa, Malam Dikko, wanda ya yi wa alkawarin zai ɗibar masa irin, bayan ya shekara yana cika masa baki a kansa. Baba ya yi musu jagora zuwa shagona.

Ni ban san ana yi ba. Ina ciki daga ni sai gajeren wando, tukunya na tururi a tsakar ɗaki, zannuwa na ɗiga, na cika kumatuna taf da ruwa na duƙa a kan Gimbiya. Aka turo ƙofa. Tururi ya yi waje kamar an buɗe tukunyar dambu.

"Innalillahi! Gobara ta?" in ji Baba.

Na juyo a firgice. Ruwan da ke bakina kuwa bai jira izinina ba. Gaba ɗayansa ya sauka a gaban farar rigar Malam Dikko, har da gemu.

Dattijon ya shafa gemunsa, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi rufin ɗaki.

"Umaru, ashe ruwa ya sauka Tambuwal ba a gaya muna ba?"

Baffa bai yi dariya ba. Idonsa na kan bargon da ke jikin bango. Ya taka cikin laka, ya yaye shi. Buhun ya yi gashi kore tun daga wuya har ciki, wasu ma sun buɗe ganye bibbiyu suna kallonmu. Ya kwance bakin, ya tura hannu, ya fito da curin toka da ta zama taɓo, da wake kumburarre mai fari-farin saiwa.

Malam Dikko ya leƙa ya ce, "Kai, ɗanka ya riga kowa shuka bana. Saura noman farko."

A nan ya kamata in yi shiru. Kowane yaro mai son ransa shiru zai yi. Ni kuwa na gyara tsayuwa, a cikin gajeren wandona, na ce, "Baffa, ai ko ba komai yanzu mun tabbatar irin yana da kyau. Malam ya ce ana gwada iri kafin shuka. Dubi, babu wanda ya ƙi fitowa."

Baba ya sunkuya ya cire takalmi. Baffa ya riƙe masa hannu.

"Bar shi, Yaya."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya mai tsiro, ya juya ta a tafinsa, ya ce a hankali, "Wanga iri ya girmi babanka." Ya mayar da ita cikin buhun. Na rantse, da da takalmin aka yi amfani, da ya fi mini sauƙi.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zazzage buhun, aka zaunar da ni in tsince mai rai daga mai ruɓa, ƙwaya-ƙwaya. Ranar kasuwa ce fa, kowa ta nan yake bi. Masu babura suna rage gudu. 'Yan ajinmu uku suka tsaya, ɗayansu ya ce, "Sarkin Damina, a aiko da amalanken yanzu ko sai gobe?" Na ce masa ya jira ƙarshen zango, zai ga aiki.

Ya kuwa gani. Kwana huɗu bayan nan gindin Gimbiya ya yi laushi ya yi baƙi, na taɓa ta, ta kwanta a hannuna. Ranar kai aiki na je da gawarta a gwangwani. Waɗanda suka jefa tasu a gefen randa suka manta da ita, tasu ta yi lif-lif har tana jan ƙasa.

Malam Nasiru ya saurari labarina har ƙarshe, yana danne dariya da littafin maki. Ya ce abin da take so bai wuce faranti ba: a zuba tsakuwa, a sa ɗan ruwa, a ɗora gwangwanin a kan tsakuwar yadda gindinsa ba zai jiƙe ba, a bar taga a buɗe iska na wucewa. Ƙasar kuma sai samanta ya bushe a ƙara ruwa.

"Danshi aka ce, ba a ce ka dafa ta ba."

Na ce, "Amma Malam, ganyen ya daina ƙonewa."

"Ya daina. Wanda ya nutse a kogi ma ba ya kukan ƙishirwa."

Ni dai har gobe ina kan bakana. An ce danshi, na samar da danshi, irin wanda ba a taɓa gani ba a watan zafi, kuma ba kowa zai iya ba. Abin da na yarda na koya guda ne: kafin ka gyara wa baƙo wurin kwana, ka duba wanda ka tarar a ɗakin.

Waken da muka tsince bai kai rabin buhu ba. Malam Dikko bai samu ko ƙwaya ba. Cikin gonakinsa biyu, Baffa ya shuka ɗaya da waken, ɗayar ya sa mata gero, ni kuma na yi dogon hutuna gaba ɗaya a Fakku, a duƙe, da fartanya a hannu.